Regiletar Aeromotive 13109: aikinta na kyau, amma ba kowace mota ke bukatarta ba

Duk wanda ya cire famfon mai na kamfani ya ɗaura babba irin Walbro 255, regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin mai, ita ce ke fara ba shi ciwon kai. Ƙofar mayar da mai ta regiletar kamfani ƙarama ce. A silo inji ɗan kaɗan yake sha, famfo kuwa yana ta turowa, sai mai ya rasa hanyar komawa tanki, matsi ya haura. Nan da nan filogi ya yi baƙi, salansa na warin fetur, silo na rawa.

Gurbin da 13109 ta kamfanin Aeromotive na Amurka take cikewa ke nan. Tana saituwa daga psi (ma'aunin matsi) 40 zuwa 75, da ƙofofin shigar mai biyu masu girman -6 (lambar girman kan tiyo) a gefe, ta komawa tanki ɗaya a ƙasa, sai ramin ɗaura gejin matsi mai zaren 1/8 NPT. Muhallinta bayan layin nozul, don mai ya fara ratsa nozul kafin ya iso ta.

Wurin saiti ake yawan kuskure. A tayar da inji, a zare tiyon iskar da ke zuwa daga manifol (bututun da ke raba wa inji iska) a toshe shi, a sassauta notin sama, a juya sukuru har geji ya nuna 43.5, wato bar 3, matsin da ake auna yawancin nozul da shi. In an mayar da tiyo allura za ta sauko da kamar psi 8 zuwa 10, haka ya kamata. A mota mai turbo kuwa ɗaya bisa ɗaya take bi: turbo ya tura 10, mai ya kai 53.5. Idan allura ta ƙi hawa alhali an taka totur, a ɗaga ƙafa. Mai ya yi wa inji kaɗan, kuma hakan na narkar da fistin.

Aibinta? Kawunan haɗa tiyo da geji daban ake saye. Kawunan tiyon, zoben roba ke hana su yoyo, kada a naɗa musu farin tef. Da an kashe mota matsi yakan sauka, don haka a buɗe makulli famfo ya cika layi kafin a tayar. Jabunta ma sun yi yawa. Robar cikinsu kan yage, fetur ya bi tiyon iska ya faɗa manifol.

Masu ɗaukarta maganin ƙananan nozul su sake lissafi: daga 43.5 zuwa 58, kusan kashi 15 cikin 100 kawai mai zai ƙaru, famfo kuma ƙarfin turawarsa raguwa yake. Motar da ba ta da layin komawa tanki sai an ja mata sabo tukuna. Wadda famfonta da nozul ɗinta na kamfani ne, a bar mata regiletarta.