Mai kundi mai kauri ko mai alƙawari uku: wanda zan ba ƙuri'ata a zaɓen fidda gwani

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya kamata ka ba ƙuri'arka cikin 'yan takara biyu a zaɓen fidda gwani na jam'iyyarku. Ka zaɓi na biyun. Na zauna na karanta takardun da ka turo mana. Na farko yana da kundi mai kauri, ya ce zai rage haraji, ya mayar da karatu kyauta, ya gina asibiti a kowace mazaɓa, ya kuma sama wa matasa aiki. Na biyu 'yar takarda ce mai alƙawari uku: dokar da za ta ware wa ƙananan asibitoci kaso tsayayye a kasafin kuɗi, dokar da za ta tilasta wallafa yadda aka kashe kuɗin kowace kwangila, sai tallafin koyon sana'a. Dukansu kuma kujerar majalisa suke nema a jam'iyya ɗaya.

Abin da na fara nema a kundin na farko shi ne inda kuɗin za su fito, har na kai shafin ƙarshe ban ci karo da shi ba. Rage haraji yana rage abin da ke shiga baitulmali, karatu kyauta da sababbin asibitoci kuwa suna ƙara abin da ke fita. Duk wanda ya haɗa waɗannan a takarda ɗaya bai ce komai kan giɓin ba, to ko dai bashi zai ci, ko zai yanke wani abu da bai gaya maka ba, ko kuma tun asali bai yi niyyar cikawa ba. Na biyun ya rubuta ɓangaren kasafin da yake son a rage domin a cike kason asibitocin. Ya san masu cin moriyar wannan ɓangaren ba za su ji daɗi ba, amma ya rubuta. Wannan layi ɗaya ya fi mini kundin can gaba ɗaya nauyi.

Kada ka ɗauka tsoro ne kawai irin na masu lissafi. An ga ƙarshen irin wannan a Birtaniya a 2022, lokacin da jam'iyyar Conservative ke neman wanda zai gaji Boris Johnson a shugabancin jam'iyya da kujerar firaminista. Mutum biyu suka rage, Liz Truss da Rishi Sunak. Truss ta yi alƙawarin rage haraji nan take, a cike gurbin da rance. Sunak, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2020 zuwa 2022, ya yi ta nanata wa 'yan jam'iyya a wajen muhawara cewa cin bashi don rage haraji a lokacin da farashi ke hauhawa zai ƙara rura wutar tsadar, ya kuma ɗaga kuɗin ruwa. 'Yan majalisar jam'iyyar sun fi karkata gare shi, amma da aka kai maganar gaban mambobi masu kati, sai zance mai daɗi ya yi nasara: Truss ta sami ƙuri'a 81,326, Sunak ya tashi da 60,399.

Ranar 23 ga Satumba ministan kuɗinta, Kwasi Kwarteng, ya sanar da ragin haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da ya nuna abin da zai maye gurbinsa ba. Cikin kwana uku fam ya faɗi ƙasa warwas a kan dalar Amurka, har ya kai matsayi mafi ƙasa da ya taɓa kaiwa. Ranar 28 ga wata sai da Babban Bankin Ingila ya shiga kasuwa yana sayen takardun bashin gwamnati don kada asusun 'yan fansho su durƙushe. Masu biyan bashin gida suka wayi gari kuɗin ruwa ya hau. An sallami Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, wanda ya gaje shi ya soke kusan duk ragin, ita kuma ta sanar da murabus ranar 20 ga watan. Kwana 49 ta yi a kan kujera, babu firaministan da ya yi ƙasa da haka a tarihin ƙasar. Ba ina wanke Sunak ba ne, shi ma da ya gaje ta, jam'iyyar ta sha mummunan kaye a ƙarƙashin jagorancinsa a 2024. Abin lura dai shi ne, duk abin da ya faru an faɗe shi a fili tun a dandalin muhawara, masu ƙuri'a sun ji da kunnensu, suka zaɓi wadda ba ta ɓata musu rai ba.

Akwai dalilin da ya sa zaɓen fidda gwani ke haifar da irin wannan. Masu zaɓen kaɗan ne, kuma galibi su ne masu zafin aƙida a jam'iyya. A wancan na Birtaniya, mutum kimanin 172,000 ne ke da ikon kaɗa ƙuri'a, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 65. Ɗan takara ya san da wa yake magana, don haka yakan faɗi abin da zai sa zauren ya ɗauki tafi. Ranar da ya fito gaban jama'a duka, sai harshe ya sauya. Keir Starmer, lokacin da yake neman shugabancin jam'iyyar Labour a 2020, ya jera alƙawura goma, ciki har da soke kuɗin makarantar jami'a. A 2023 ya janye wannan, ya ce halin tattalin arziki ya canza. Saboda haka idan kana karanta takardar ɗan takara a wannan mataki, ka tambayi kanka ko zai iya maimaita maganar nan a gaban waɗanda ba 'yan jam'iyyarku ba. Alƙawura ukun na biyun za su iya tsayawa a kowane dandali. Na farkon kuwa, abokin hamayya na babban zaɓe tambaya ɗaya zai jefa masa kan kuɗi ya bar shi yana kame-kame.

Sai batun ikon kujerar, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Ɗan majalisa ba ya gina asibiti, ba ya ɗaukar ma'aikata. Aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan ɓangaren zartarwa. Rabin abin da ke cikin kundin na farko aikin gwamna ne ko shugaban ƙasa. Ko dai bai san iyakar kujerar da yake nema ba, ko kuma ya sani yana ganin kai ne ba ka sani ba. Na biyun duk abin da ya lissafa abu ne da ɗan majalisa zai iya rubutawa ya gabatar a zaure.

Na taɓa mara wa wata baiwar Allah baya a irin wannan zaɓe, kuma har gobe ina alfahari da ƙuri'ar. A taron mambobi wani dattijo ya miƙe ya ce ta rantse musu za ta yi hanyar da suka daɗe suna kuka a kai. Abokin karawarta ya riga ya rantse a wannan zauren. Ita kuwa ta ce, Baba, hanya ba a hannun ɗan majalisa take ba, abin da zan iya shi ne in yi faɗa ta shiga kasafi, in kuma sa a kira jami'in da ke riƙe da aikin ya zo ya yi bayani, amma ba zan rantse maka kan abin da ba ni ke sa hannu ba. Zauren ya yi tsit, wasu suka fara kaɗe riga suna fita. Da ƙyar ta tsallake. Amma duk ƙarshen shekara sai ta tara mu, ta zo da takarda ta karanto ƙudurin da ya wuce, wanda ya faɗi, da dalilin faɗuwarsa. Shekarun farko hanyar ba ta shiga kasafi ba, kuma da bakinta take faɗa mana ta gaza, ba ta jira mu tambaya ba. Da ta shiga daga baya, dattijon nan ta fara aika wa. Takardar ɗan takararka na biyu ta tuna mini da ita, don salon maganarsu ɗaya ne.

Abu ɗaya kuma, kada ka ɓata dare kana auna ƙananan bambance-bambance a takarda, domin su ne ke fara narkewa idan an shiga ofis. A Amurka a 2008, Hillary Clinton da Barack Obama, masu neman tikitin takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat, sun yi ta kai ruwa rana kan inshorar lafiya. Ita tana son a wajabta wa kowa mallakarta, shi yana sukar wajabtawar ga manya. A Maris 2010 ya sa hannu kan dokar lafiya da ke ɗauke da wannan wajabcin da ya soka. Abin da bai narke ba shi ne abin da kowannensu ya riga ya aikata: a Oktoba 2002 ita ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaƙin Iraƙi a majalisar dattawa, shi kuma a wannan watan ya fito fili ya yi adawa da yaƙin yana ɗan majalisar jihar Illinois. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ka ce na biyun ya taɓa yin kansila. To ka nemi bayanan zaman majalisar da ya yi, ka ga ko ya taɓa buɗe baki kan asibiti ko kwangila kafin ya fara neman wannan kujerar. In ya taɓa, magana ta ƙare. Na farkon bai taɓa riƙe muƙami ba, wannan ba laifi ba ne, sai dai ka bincika ƙungiya ko kamfanin da ya jagoranta, ka ji yadda ya yi da amanar kuɗin mutane da haƙƙin ma'aikata.

Zan ba na farkon haƙƙinsa a abu ɗaya: ya ambaci rashin aikin matasa da sunansa, kuma mai babban buri yakan ja jam'iyya gaba ko da ya faɗi, kamar yadda Bernie Sanders ya sha kaye a zaɓen fidda gwani na takarar shugaban Amurka a 2016 amma mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa ya shiga kundin jam'iyyar Democrat. Wannan dalili ne na a saurare shi. Bai kai dalilin ba shi tikiti ba.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka kan dillalan siyasa. Jadawalin nan na kwatanci da ke yawo a WhatsApp da Facebook, mai layi biyu, wannan an yi masa alamar kore wancan an yi masa ja, kusan kullum daga sansanin ɗaya daga cikinsu yake fitowa. Wanda ya zaɓi tambayoyin ya riga ya zaɓi wanda zai ci. Haka guntun bidiyo da aka yanke daga tsakiyar jawabi. In ka ga an ce wane ya faɗi kaza, ka nemi cikakken jawabin ka ji abin da ya zo kafin jimlar da bayanta. Ƙuri'ar jin ra'ayi da ba a faɗi wanda ya gudanar da ita ba, ba a faɗi yawan waɗanda aka tambaya ba, talla ce kawai. Su kuma sojojin baka da ke zuwa su raɗa maka cewa an riga an gama, manya sun tsayar da wane, kada ka ɓata ƙuri'arka, so suke ka zauna a gida ko ka bi su ido rufe. Yanzu ma har murya ake ƙirƙira. A Janairun 2024, gab da zaɓen fidda gwani na jihar New Hampshire, an kira dubban mutane a waya da muryar da aka kwaikwayi ta Joe Biden da fasahar ƙirƙirarriyar basira, ana ce musu kada su fita zaɓe. Hukumar sadarwa ta Amurka ta ci wanda ya shirya abin tarar dala miliyan 6. Mai zuwa da ambulan kuwa, ka sani duk abin da ya ba ka a yau zai fanshe shi ne daga kasafin asibitin da kake fatan a gyara.

Na biyun ma yana da inda ya yi rauni, kuma gara ka taɓo shi tun ƙuri'arka tana da daraja a idonsa. Alƙawarinsa na koyon sana'a bai fito sarai kamar sauran biyun ba. Bai faɗi wa zai koyar ba, bai faɗi yadda za a tantance masu shiga ba, kuma irin wannan shiri ne ya fi saurin komawa rabon kayan aiki ga 'yan gaban goshi. Ka je taronsa na gaba ka miƙe ka tambaye shi a gaban mutane, ka roƙe shi ya sa amsar a rubuce. Kafin nan ka leƙa ofishin jam'iyya da kanka ka tabbatar sunanka yana cikin rajistar mambobi, ka kuma karɓi ranar zaɓe da wurinsa daga bakinsu.