Ruwan wardi a lemon gida: ɗigo ya isa

Kwalba ce ƙarama ta ruwan wardi, irin wanda ake shigo da shi daga waje, ƙanwata ta sayo mini a kasuwar Sabon Gari da ta shiga Kano. Abin da ya sa na yi saƙonsa, irin lemon nan mai ƙamshin fure da masu girki ke nunawa a waya. Turawa har giya suke tsiyaya wa nasu. Mu dai namu ruwa ne da lemun tsami da sukari, sai ƙamshin.

Kafin komai, 'yar'uwa, ki duba jikin kwalbar. Ruwan wardi iri biyu ne a kasuwa: akwai na girki, akwai na shafawa a fuska, wanda galibi ake haɗa shi da gilisarin da turare. Sau da yawa a kanta ɗaya ake jera su, kuma ba kowane mai shago ne zai tsaya yi miki bayani ba. Idan ba a rubuta cewa na abinci ba ne, kada ya shiga kofinki. Na gaskiyan daga tururin furen wardi ake tatso shi, fari ne tas, ba ya da maiƙo a hannu. Alhazai sun san na garin Ɗa'if da ke Saudiyya, tunda har Ka'aba ana wankewa da zamzam haɗe da ruwan wardi. Nawa bai kai wannan daraja ba, amma ƙamshinsa ba na jabu ba ne.

Da lemun tsami zalla bai burge ni ba. Tsami na gefe guda, ƙamshi na gefe guda, sun ƙi haɗa kai. Na kai wa surukata kofi, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ta ce, "Ke 'yar nan, humra kika zuba mana ne?" Na ce, "A'a Inna, fure ne." Ta ce to furen ya yi yawa. Gaskiyarta. Abin yana da ƙarfi, murfin kwalbar ɗaya ma ya wuce kima a jug guda.

Inda ya nuna kansa shi ne da na haɗa shi da zoɓo. Mu a nan yankin Gumel zoɓo ba baƙo ba ne, kusan kowace gona za ki ga yakuwa a gefen gero ko gyaɗa, kuma da kaka mata ne ke zaman ɓararsa. Ranar Alhamis ki je kasuwar Maigatari ki ga buhuna, wasu har Meziko ake kai su, can ma jiƙa shi suke su sha da sanyi. To muna zaune a kan abin da wasu ke haye teku su saya, me zai kai mu neman fure a nesa?

Ga yadda ya fi yi mini daɗi. Ina wanke zoɓo gwangwani ɗaya sosai saboda yashi, in zuba masa ruwan zafi kamar lita 2 da 'yar citta, in rufe ya jiƙu. Ba na tafasa shi har ya yi baƙi, kuma kanumfari ba ya shiga, don yana danne wardin gaba ɗaya. Kanwa ma na ajiye ta gefe. Tana kashe tsami, amma tana dusashe launi, alhali launin nan shi ne rabin kwalliyar. Idan ya huce sai in tace a roba, ba a tukunyar dalma ba, in narka sukari, sannan in matse lemun tsami 4 ko 5. A nan ki tsaya ki kalla: da ruwan lemon ya sauka, jan ya kan washe nan take, daga duhu-duhu ya koma ja jawur, har ki hango gindin kofi. Kada ki matse lemon har ɓawo, kuma ki tsince 'ya'yan, ɗaci suke kawowa.

Wardin shi ne na ƙarshe, bayan komai ya yi sanyi, domin zafi na korar ƙamshinsa. Rabin ƙaramin cokali, a juya, a ɗanɗana. A haka ba ya faɗa da tsamin, sai bayan kin haɗiye ne za ki ji shi ya taso ta hanci. Inna da ta ƙi na farko, wannan ta shanye ta ce a ajiye wa Malam nasa.

Matsalarmu dai sanyi. Wuta ba ta zama, ƙanƙara sai wurin masu firjin sola, kuma da azumi ko lokacin zafin bazara tsada take yi. Ni jarka nake cikawa in tsoma a randa tun hantsi, ya yi sanyi daidai gwargwado. Sai dai lemon nan ba ya kwana: lemun tsamin da aka matse kan fara ɗaci, zoɓon kuma ya fara bugawa. A haɗa daidai wanda za a shanye a ranar.

Abin da ban ji daɗinsa ba a kwalbar, bakinta faɗi ne, ba a yi mata abin ɗiga ba, hannu na karkacewa an ɓata jug guda. Murfin ma ba ya kamawa da kyau, sai da na naɗe shi da leda don kada ƙamshin ya tsere.

Ga mai sayar da zoɓo a ƙulle, ba na ba ta shawarar saye, masu sayenta ba za su ƙara ko sisi don ƙamshi ba. Amma idan don baƙi ne, ko buɗa baki, ko walimar suna, kuɗin bai tafi a banza ba, tunda ɗigo-ɗigo ake amfani da shi, kwalba ɗaya za ta daɗe. Ki dai ajiye ta a inuwa, nesa da murhu.