Tsohuwar Rediyo Mai Bawul: Wacce Za Ka Saya Idan Gyara Kake Nufi?

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da babbar rediyon katako ya san yadda take: ka murɗa, ka jira kamar rabin minti kwalaben cikinta su ɗau zafi, sannan murya ta taso a hankali. Waɗannan kwalabe su ake kira bawul, kuma su ne suka riƙe rediyo kafin taransisto ya ture su a shekarun 1960. Lokacin da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, irin waɗannan akwatuna ne a zaurukan masu hali. Har yanzu ana tsintarsu a ɗakin ajiya ko hannun 'yan gwangwan, kuma da yawansu za su sake magana in an dace da zaɓi.

Abin da nake fara dubawa shi ne ko rediyon tana da taransifoma ta wuta. Ka buɗe bayanta ka karanta lambobin bawul. A kayan Turai, lambar da ta fara da E, kamar ECH81, EF89, EABC80 da EL84, tana nuna bawul da zaren ɗumama shi ke aiki da bolt 6.3, kuma irin wannan rediyo galibi da taransifomarta, wadda ke raba ƙarfen cikinta da wutar gida. Rediyon da lambar bawul ɗinta ta fara da U kuwa, kamar UCH42 da UL41 na cikin Bush DAC90A ta Ingila, yawanci ba ta da wannan kariya. Waya ɗaya ta wutar gida kai tsaye take haɗe da ƙarfen da aka ɗora kayan a kai, don haka idan fulogi ya juya, ƙarfen nan kisa yake. DAC90A kyakkyawa ce, ƙarama, mai sauƙin fahimta, amma ba ta da gajeren zango, kuma ba zan miƙa ta ga ɗan koyo ba.

Ƙananan rediyon Amurka masu bawul biyar, 12BE6, 12BA6, 12AV6, 50C5 da 35W4, su ma haka suke, ga kuma ƙarin matsala: don wutar bolt 120 aka yi su, tamu kuwa 230 ce. Sai ka nemi taransifomar rage wuta, kuma mai araha da ake samu a kasuwa sau da yawa rage wutar kawai take yi, ba ta raba ka da ita. Mafi yawansu matsakaicin zango kaɗai suke kamawa. Ni dai ina wuce su.

Inda zuciyata take shi ne kayan Jamus da Holan na shekarun 1950: Grundig, Telefunken, Saba, Nordmende da Philips, masu maɓallai jere kamar haƙora. Lasifikarsu babba ce, katakon yana ba murya kauri, suna da gajeren zango, kuma a bayansu akwai wurin zaɓar ƙarfin wuta, 110 ko 220, wasu har 240. Ka tabbatar yana kan mafi girma kafin komai. Bawul ɗinsu ba ya wuyar samu. EL84 ma har yau ana ƙera sabo saboda masu amsa-kuwwar jita. Sai dai ka san abu biyu. FM ɗinsu yawanci a 100 MHz ya tsaya, wato za ka kama Freedom ta Kano a 99.5, amma tashar da ke sama da 100 ba za ta shigo ba. Sannan maɓallan nan, idan ƙurar hunturu ta shekara hamsin ta cika su, wanke su aikin haƙuri ne, kuma idan ɗaya ya karye daga ciki da wuya ka sami madadinsa.

Akwai kuma masu batir, wanda Zenith Trans-Oceanic ta Amurka ce sarauniyarsu wajen kama gajeren zango. Tana da tsada, bawul ɗinta 1L6 ya yi ƙaranci, kuma bawul masu batir ba sa jure kuskure: wuta ta ɗan haura, zarensu ya tsinke. Wannan ta gwanaye ce.

To, in ka tsaya gaban mai sayarwa, kada ka yarda ya jona ta don ya nuna maka tana aiki. Na taɓa ganin wata Philips mai kyau, gilashinta ba ko tsaga, mai ita ya ce, "Alhaji, bari ka ji da kunnenka." Kafin in hana shi ya soka fulogi. Ta yi gunji kamar na minti biyu, sai wari, sai hayaƙi daga taransifomar. Kafasita ɗaya ce, wato ɗan abin nan da ke tara wuta ya riƙe, ta bushe ta ja wuta fiye da kima, abin da za a canza da kuɗi kaɗan, ta tafi da abin da ba a samu. Har yau ina jin zafin wannan rediyo.

Abin da ke lalacewa a yawancin lokaci ba bawul ba ne. Kafasitocin takarda masu kakin zuma ne ke yoyon wuta, musamman wadda ke shiga bawul ɗin lasifika, da manyan kafasitocin tace wuta. Duk waɗannan ana maye su da sababbi, na leda masu jure bolt 630 a madadin na takarda. Saboda haka rediyon da ta yi shiru ba ta ba ni tsoro. Abin da nake bi da ido shi ne wanda ba ya da madadi: gilashin da aka rubuta sunayen tashoshi, taransifomar wuta, ta lasifika, da naɗaɗɗun wayoyin kama zango. Ka tafi da mitarka ta gwajin wuta ka auna taransifomomin biyu ka ga ko wayarsu ba ta yanke ba. Ka sunsuna, ƙonanniyar taransifoma ba ta ɓoye warinta. Ka ƙwanƙwasa katakon saboda gara, ka haska tocila ka duba fitsarin ɓera, domin yana cin ƙarfe da waya. Wadda wani ya riga ya yi wa kaca-kaca da dalma, ya yanke wayoyi ya cusa kayan taransisto, ka rage mata kuɗi sosai ko ka bar ta.

Ka kuma sa kuɗin kayan aiki a lissafi: mita, ƙarfen dalma, da ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 da za ka jera a layin wutar ranar kunnawar farko. Idan ƙwan ya haska ya dushe, alhamdu lillahi. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zuba, sai ka kashe. Cikin rediyon akwai bolt 250 zuwa 300, kuma manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an zare fulogi, don haka a sauke ta a auna kafin a sa hannu.

Da za a jera mini su duka a ce in ɗau ɗaya, Philips ko Grundig mai bawul E zan ɗauka, mai gajeren zango da lafiyayyen gilashi, ko da ta shekara talatin ba ta ce uffan ba.