Tayar Michelin X Multi T a Ƙarƙashin Tirelar Hatsi: Abin da Na Gani Tsakanin Dawanau da Legas

A watan Afrilun bara, lokacin da zafi ya kai maƙura, direbana ya kira ni da la'asar daga wani wuri tsakanin Mokwa da Jebba, muryarsa tana rawa, ya ce, "Alhaji, taya ta tashi, amma Allah ya tsare." Tayar ƙafar tsakiya ce, wato jerin tayoyi na tsakiya a tirelar, ta ɓangaren dama, kuma ba fashewa kawai ta yi ba. Da zanenta ya ɓalle sai ya riƙa dukan bodi, wato ɓangaren baya mai ɗaukar kaya, kamar bulala, ya karya madigadi, ya tsinke tiyon iskar birki, motar ta kwana biyu a gefen titi da buhunan masara a kanta. Da aka kawo mini gawar tayar na duba lambar da ke gefenta, sai na tarar ta shekara tara a duniya, alhali wata huɗu ke nan da na saye ta a wurin masu gwanjo saboda zanenta ya yi mini kyau a ido. Ranar na yanke shawarar sauya duk tayoyi shida na wannan bodin da sababbi, na zaɓi Michelin X Multi T mai lamba 385/65 R22.5.

Kamfanin Michelin na Faransa ba baƙo ba ne a wurin masu manyan motoci a ƙasar nan, domin yana da masana'anta a Fatakwal har zuwa 2007 lokacin da ya rufe ta, kuma shi ne ya fito da tayar radiyal, mai wayoyin ciki da suka miƙe daga baki zuwa baki, wadda ya yi wa rajista a 1946. Wannan samfurin na bodi ne kaɗai, abin da harafin T na ƙarshen sunan, wato tirela, yake nufi ke nan, don haka ba a sa shi a ƙafar da injin yake juyawa. Taya ce mai faɗi, marar tib, wadda ake ɗaura guda ɗaya a kowane gefe a maimakon tagwayen da muka saba gani. Zanenta layuka ne miƙaƙƙu da suka zagaye ta, kafaɗunta kuma cikakku ne, kuma a kafaɗun nan ne na fara ganin amfanin kuɗina. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli bodi mai ƙafa uku yana shan kwana a matsattsen wuri, kamar lokacin fita daga layukan kasuwar Dawanau, ya san cewa tayoyin gaba da na baya ba juyawa kawai suke yi ba, jan su ake yi a kaikaice a kan ƙasa, har ka ji suna kuka, su bar baƙin shati. Tayoyin da na yi amfani da su a baya daga kafaɗa suke fara cinyewa. Waɗannan kuwa, bayan fiye da shekara guda suna zirga-zirga, cinsu ya tafi daidai daga wannan gefe zuwa wancan, kuma har yau babu wadda ta fashe ko ta yi ƙulu a cikinsu.

Sai dai zan zalunci mai karatu idan na bar shi da tunanin cewa sunan kamfani ne ya hana fashewar. Abin da ya sauya tare da tayoyin shi ne na fara karanta rubutun da ke jikinsu, kuma na tilasta wa yarana su bi shi. A gefen tayar an rubuta 160K. Lambar 160 tana nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 4,500, harafin K kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 110 a awa, amma wannan nauyin tana ɗaukarsa ne idan an ba ta cikakkiyar iska, wato bar 9 a ma'aunin ƙarfin iska, kimanin 130 a gejin da yawancin masu faci suke riƙewa. Lissafin ba shi da wuya: tan tara a kowace ƙafa, tan 27 a ƙafafu uku, kuma a cikin wannan har da kason nauyin bodin kansa, ragowar kayan kuwa kan mota ne yake tallafe su. Wanda ya jibga buhu 450 na hatsi mai kilo ɗari ɗari, ko buhu 900 na siminti, ya ɗora tan 45 ke nan, kuma ya wuce da tayar inda aka tsara ta ta tsaya. Babu kamfanin da ya yi alkawarin ɗaukar wannan, komai tsadar tayarsa. Na rage lodi, na yi asarar wani abu a kuɗin kowane sawu, kuma ban ji daɗin hakan ba a farko, domin abokan sana'a suna ɗaukar abin da na ƙi ɗauka.

Abin da ke kashe taya a hanya zafi ne, kuma yawancin zafin daga cikinta yake tasowa, ba daga kwalta ba. A kowane juyi gefen taya yana lanƙwashewa ya miƙe. Idan iska ta yi ƙasa ko kaya sun yi yawa, lanƙwasar tana ƙaruwa, robar ta ɗau zafi, danƙon da ya haɗa ta da wayoyin ƙarfen ciki ya fara saki, har ranar da zane zai rabu da gangar jiki. Idan aka haɗa wannan da gudu da kuma ranar Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a Arewa, an gama haɗa musabbabin haɗari. Matsalar bodi ta musamman ita ce direba ba ya jin abin da ke faruwa a can. Tayar gaba idan ta yi laushi sitiyari zai gaya masa, amma tayar bodi tana can bayansa da nisa, za ta iya shan ƙusa a Zariya ta yi ta zubar da iska a hankali har Tafa ba tare da kowa ya sani ba. Al'adar da ake da ita ta yaron mota ya zagaya da ƙarfe yana ƙwanƙwasa tayoyi tana gano wadda ta sace gaba ɗaya, amma kunne ba ya bambance bar 9 da bar 7, kuma a wannan tazarar ake yin ɓarnar. Ƙa'idar masu sana'ar taya ita ce wadda ta yi tafiya da kashi 80 cikin ɗari na iskarta ko ƙasa da haka, a ɗauke ta a matsayin wadda ta sace, a kwance ta a duba cikinta kafin a sake hura ta, saboda wayoyin gefenta suna iya gajiya su tsage a fuskar mai hurawa.

Don haka na saya wa kowane direba gejinsa, ana auna iska da asuba kafin mota ta motsa, lokacin da tayoyi suke da sanyi. Na sha fama kafin in raba su da wata ɗabi'a: idan sun tsaya da rana suka ga geji ya hau, sai su rage iska wai kada ta fashe. Hawan iska a taya mai zafi abu ne da aka ƙera ta da saninsa, kuma wanda ya rage ta a lokacin ya bar tayar da ƙarancin iska idan ta huce, wato ya jawo abin da yake gudu da hannunsa. Haka nan idan an tsaya, ana kai bayan hannu kusa da kowane wili. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, to birki ne yake kamawa ko boris ya fara ci, kuma wannan zafin yana bin rim ya dafa bakin taya, ko da sabuwa ce fil. Sau ɗaya muka kama irin wannan a Mararrabar Jos, aka saki birkin, aka ci gaba da tafiya.

Akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya auna kafin ya biya. Na farko kuɗi: da abin da za ka sayi guda ɗaya za ka iya samun fiye da ɗaya a cikin sababbin tayoyi masu araha da suka cika kasuwa, kuma ga mai mota ɗaya da yake biyan bashi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na biyu ya fi damuna, kuma ya shafi duk tayar da ake ɗaurawa ita kaɗai, ko ta wane kamfani ce. Tagwaye idan ɗaya ta tashi 'yar'uwarta tana riƙe ƙafar har a lallaɓa a sauka daga titi, amma wannan ba ta da mai tallafa mata, rim zai iya kai wa ƙasa. Saboda haka ba na barin motar ta fita ba tare da safaya mai cikakkiyar iska da jak mai ƙarfi ba, domin wannan lambar ba a kowane ƙauye ake samunta ba, kuma ƙananan injinan iska na masu faci a gefen hanya da yawansu ba sa kaiwa 130. Sannan taya ce ta kwalta. Mai shiga gonaki da wuraren fasa dutse ko hanyar burji ya nemi samfurin da aka yi don wannan aikin, domin ramin da ke da kaifin baki, irin waɗanda damina take barin mana, yana yanka gefen kowace taya, kuma yankan gefe ba ya facuwa.

A wurin saye kuwa, na tsaya da kaina na duba kowace ɗaya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 1523 yake nufin mako na 15 na 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wa'azin cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, musamman tun bayan rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, haɗarin da fashewar taya ta haddasa. Shi kamfanin Michelin shawararsa ita ce ƙwararre ya riƙa duba taya kowace shekara idan ta cika biyar, kuma kada a wuce goma. Ga bodin da yakan yi makonni a ajiye cikin rana yana jiran lodi, na fi karkata ga tsananin hukumar, domin irin wannan tayar tsufa take yi kafin ta suɗe, sai ka ga ƙananan tsagu a gefenta alhali zanenta yana nan. Na kuma shafa bakin kowace taya da hannu, saboda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu a kwantena don rage kuɗin dako, kuma wannan cusawar tana lanƙwasa wayar bakin, lahanin da ba kasafai ido yake gani ba.

Batun gudu ban bar shi a hannun harafin K ba. Dokar hanya ta ba tirela da tanka kilomita 60 a awa a babban titi mai tagwayen hanyoyi, 50 a sauran manyan hanyoyi, kuma da haka nake auna lokacin da nake sa ran isar mota, don kada in zama ni ne mai matsa wa direba ya taka. Na kuma roƙe su, idan ƙaddara ta faɗa taya ta tashi, kada ƙafa ta ruga kan birki. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a bar motar ta rage gudu da kanta, a sauka gefe a sa alama, domin taka birki da ƙarfi a lokacin ne yake sa bodi ya murɗe ya naɗe kan mota.

Gangar jikin wannan tayar an yi ta yadda za a iya sake yanka mata zane idan na farko ya kusa ƙarewa, kuma ina da niyyar yin hakan, amma sai a hannun wanda yake da injin aikin kuma ya san zurfin da aka ƙayyade, domin wuƙar da ta taɓa waya ta gama da tayar. Ga mai bodi mai ƙafa uku da yake bin kwalta, wanda zai iya tsayawa a kan tan tara a kowace ƙafa, ina ba da shawarar X Multi T ba tare da shakka ba. Bodina na biyu zai samu nasa shidan idan damina ta wuce, kuma wannan karon zan haɗa da ƙananan na'urorin nan da ake ɗaurawa a kan bawul, masu aika wa direba ma'aunin iska da zafin kowace taya a allon da ke gabansa yana cikin tafiya.