Rocky Linux 9 a hannun wanda ya saba da Ubuntu

Tun da CentOS 7, wani nau'in tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux, ya daina samun gyare-gyaren tsaro a ranar 30 ga Yuni 2024, masu kula da sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet) a makarantu da ƙananan ofisoshi a nan Damagaram suke neman inda za su koma. Na ɗora Rocky Linux 9, ɗaya daga cikin magadan CentOS, a kan kwamfutar wata makaranta da ke Sabon Gari domin shafin sakamakon ɗalibai, kuma ra'ayina shi ne ya cancanci wahalar da yake bayarwa a farko.

Wanda hannunsa ya saba da Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, zai ga bambanci tun daga suna. A can Apache, manhajar da ke gabatar da shafukan intanet, sunansa apache2, kuma da an girka shi yake fara aiki. A Rocky kuwa httpd ne, ba ya motsawa sai an tashe shi da umarnin systemctl, sannan a buɗe masa ƙofa ta 80 a firewalld, katangar tsaron kwamfutar. Babu a2ensite, umarnin kunna shafi na Ubuntu, fayilolin saiti kuwa a /etc/httpd/conf.d ake zuba su.

Batun iko ya fi ɗaukar hankalina, domin a wurarenmu sau da yawa kwamfuta ɗaya hannuwa da dama ke taɓa ta. Ubuntu yana kulle asusun root, mai cikakken iko a kan kwamfutar, ya sa mutumin farko cikin rukunin sudo na masu gudanarwa ba tare da tambaya ba. Rocky kuwa sai ka nuna da kanka, lokacin girkawa, cewa wannan mutumin mai gudanarwa ne, kafin ya shiga rukunin wheel, takwaran rukunin sudo, kuma ba ya barin root ya shigo ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) da kalmar sirri sai ka yarje masa. Sama da wannan akwai SELinux, wanda ke tsaye kamar dogari a ƙofar fada: ko root ne ya kwaso fayil daga ma'ajiyarsa da umarnin mv ya ajiye a /var/www/html, ma'ajiyar fayilolin shafi, shafin zai iya nuna 403 (saƙon hana shiga) har sai an gyara tambarin tsaron fayil ɗin da umarnin restorecon. Wasu kan ba da shawarar a kashe shi gaba ɗaya, ni kuwa ban yarda ba, domin shi ne ke taƙaita ɓarna ranar da aka kutsa cikin shafin.

Inda Rocky ya gaza shi ne ƙarancin manhajoji, har certbot ma, mai samo wa shafi takardar shaidar tsaro, sai an ƙara rumbun ƙarin manhajoji na EPEL. Cikakken fayil ɗin girka Rocky ya haura gigabait 8, don haka mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya sauke ƙaramin.

An yi alkawarin kula da shi har 2032, amma yana buƙatar firosesa mai matakin fasaha na x86-64-v2, saboda haka a duba tsofaffin kwamfutocin hannu na biyu kafin a biya kuɗinsu.