Kalsiyam a ƙodar yaro da tsakuwar ƙoda, ina bambancin?

'Yar uwa da kika yi tambaya a gurup, kin ce an yi wa yaronki sikanin an ce kalsiyam ya taru a ƙodarsa, ko tsakuwar ƙoda ce? Allah ya ba shi lafiya. Taruwar kalsiyam a ƙoda da tsakuwar ƙoda dangi ne amma ba ɗaya suke ba.

Ita tsakuwa a hanyar da fitsari ke bi take zama, tana iya motsawa ta toshe hanya, shi ya sa yaro zai riƙe kwiɓi yana kuka, ga amai, wani lokacin fitsari da jini. Ƙanana sukan fita da kansu, manya kuma sai an farfasa ko an ciro.

Wanda aka gaya miki kuwa, nefrokalsinosis, a cikin naman ƙodar kansa yake, ya watsu ɓarɓashi-ɓarɓashi, babu abin da za a ciro. Kuma yawanci ba ya ciwo, sai dai a ga yaro ba ya girma yadda ya kamata, ko yawan ƙishirwa da yawan fitsari, wasu ma ba komai sai a hoto kawai a gan shi fari-fari.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin, don shi ke nuna inda za a ƙare. Bakwaini, musamman wanda aka ba Lasix, wato maganin da ke sa yawan fitsari, yawancinsu abin kan washe cikin shekarun farko. Bitamin D da ya wuce kima ma yana jawo shi, don Allah iyaye a daina ba yara ɗigon nan ba tare da likita ya ce ba. Sai cututtukan gado: akwai wanda ƙoda ta kasa fitar da asid a fitsari, magani irin su sitiret, mai rage asid a jiki, na tsayar da shi duk da abin da ya taru ba lallai ya tafi ba, akwai kuma wanda hanta ke yin oksalet da yawa, wato wani sinadari da ke haɗuwa da kalsiyam ya taru a ƙoda, wannan kam in an yi sakaci yana kai ƙoda ta daina aiki.

Don haka ki nemi a yi gwajin jini da na fitsari, a haɗa ku da likitan ƙodar yara. Ya riƙa shan ruwa sosai, a rage masa gishiri tunda gishiri na ƙara kalsiyam a fitsari, amma kar ki hana shi madara sai in likita ne ya ce, ƙashinsa na buƙata.