Wandon soso, hular kwano da takalmin maƙalewa: abin da na gani bayan wata takwas

Biniam Girmay ne ya ja mini wannan kashe kuɗi, ko da yake bai san ina yi ba. A watan Yulin 2024 yaron nan ɗan Asmara ya ci zango uku a Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa da ake yi zango-zango, ya koma Eritiriya da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, kuma shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya taɓa cin zango a gasar. Mu 'yan hawan Asabar a nan Kano sai da muka yi wata guda ba mu da hira a teburin mai shayi sai tasa. Ni kuwa duk lokacin da na kalle shi a waya sai in dubi kaina: wandon ƙwallo, takalmin kambas, hana-salla a ka. Shekara huɗu haka nake hawa kekena ɗan Beljiyam mai lanƙwasasshen kai, ban taɓa jin na rasa komai ba sai a lokacin. Na yi ta tari har na haɗa abu uku, wando mai soso da igiyar kafaɗa, hular kwano, sai takalmin da ke maƙalewa a feda tare da fedar tasa. Yanzu wata takwas ke nan ina hawa da su, kusan duk Asabar daga Kano zuwa Wudil mu juyo, wani lokacin mu bi hanyar Bichi.

Wandon zan fara da shi, don shi na fi rainawa kuma shi ya fi ba ni kunya. Ranar da aka kawo shi na ware leda, uwargida ta ɗaga shi sama da yatsu biyu, ta ce, "Abban yara, wannan na jarirai ne ko naka?" Ba ta yi ƙarya ba, sosan da aka ɗinka a tsakiyarsa kamar kunzugun yara yake. Sai da na hau sirdi na gane aikinsa. Da can, in muka wuce kilomita 40, zama ya gagare ni ke nan. Ɗinkin tsakiyar wandon ƙwallo yana gugar fata, gumi ya jiƙa shi, kafin mu dawo gida wurin ya yi ja, washegari ko tahiya zan zauna sai na karkace. Wannan wandon babu ɗinki a inda mutum ke zama. Sosan ya fi kauri daidai inda ƙasusuwan zama biyu ke dira a kan sirdi, ya yi siriri ta gaba, kuma yadin yana tsotse gumi ya bushe da wuri. Igiyar kafaɗar ita ke riƙe shi kada ya zame, babu roba mai matse ciki in ka sunkuya.

Akwai abin da babu wanda ya gaya mini sai da na sha wuya. Ba a saka gajeren wando a ƙarƙashinsa. Makon farko na saka, saboda kunya, na dawo da gugar da ta fi ta da. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya fi shekara talatin yana hawa, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, sosan nan da fata aka yi shi ya haɗu. In kunya kake ji, ka rufe ta sama, kada ka rufe ta ƙasa." Haka nake yi yanzu. Ina ɗora wando mai faɗi da ya wuce gwiwa a kansa, don gaskiya ba zan iya ratsa unguwarmu da abin da ya ɗame ni haka ba, kuma in salla ta kama mu a hanya ba na neman abin da zan suturta jikina. Na yi asarar ɗan abin da Turawa ke nema na sulɓin iska, ban damu ba.

Aibinsa guda biyu. In fitsari ya kama ka a hanya, sai ka cire riga kafin ka sauke igiyar kafaɗa, ga shi muna tsugunawa mu yi tsarki, aiki ne sosai a bayan wata bishiya a gefen titi. Na biyu, wanki. Duk hawa ɗaya sai an wanke shi a ranar, da hannu, da sabulu mara kaifi, a shanya a inuwa. Na taɓa barin sa a rana tsakiyar bazara sau biyu ko uku, robar bakin cinya ta fara saki. Wanda zai saya ya kuma lura da awo. Nawa na intanet na yi oda, awonsu ƙanana ne, sai da na ƙara lamba ɗaya a kan wadda na saba. Duk da haka, a cikin ukun, nan ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Hular kwano kuwa sau biyu na saya. Ta farko a wurin 'yan gwanjo na tsinta, kyakkyawa, mara nauyi, kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa biyu ba. Da na zo gida na ɓare ɗan sosan ciki zan wanke, sai ga tsaga siririya ta ratsa farin kumfan daga goshi zuwa saman kunne. Kumfan nan shi ne hular, robar waje ado ce da riƙo. Aikinsa ya murƙushe ya shanye bugu a maimakon ƙoƙon kai, kuma sau ɗaya yake wannan aikin. Hular da ta taɓa bugun ƙasa ta gama nata, ko da daga waje tana ƙyalli. Wani a Turai ya faɗi da ita ya jefar, ni kuma na ba da kuɗi na ɗauka. Na koma na sayi sabuwa dal, na duba cikinta na ga tambarin EN 1078, wato ma'aunin Turai na hulunan keke. Na Amurka CPSC ake rubutawa. In babu ko ɗaya a ciki, ajiye musu kayansu.

Sabuwar tana da ramukan iska manya da ɗan maballi a ƙeya da ake murɗawa ta kama kai. Ban ji zafin da nake tsoro ba, in keke na tafiya ta ma fi hana-salla sanyi. Da hunturu ƙura na taruwa a igiyar haɓa har ta yi tauri, sai an riƙa wankewa. Yara a ƙauyukan hanya suna bin mu da ihu, wasu na cewa ga 'yan sama jannati, na saba. Mai ganin hula gayu ce, ya sani su kansu ƙwararrun sun daɗe suna ƙin ta. Fabio Casartelli ya faɗi ya rasu a Tour de France na 1995, ba a tilasta ba. Sai da Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya rasu bayan faɗuwa a gasar Paris–Nice a watan Maris 2003, sannan hukumar keke ta duniya, UCI, ta wajabta hula. Su a titin da aka rufe musu suke gudu. Mu muna raba kwalta da tirela da ɗan sahu.

Takalmin ne ya raba mu da abokaina gida biyu. A tafinsa akwai wata 'yar roba da ake ɗaurewa da ƙusa uku, in ka taka feda sai ka ji ƙas, ƙafa ta kulle. Fita kuma sai ka murɗa dunduniya waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa wannan dabara a 1984, daga irin maƙalin da suke yi wa masu sulu a kan ƙanƙara, Bernard Hinault kuma ya ci Tour de France da ita a 1985. A buɗaɗɗiyar hanya, bayan an wuce cunkoson gari, daɗinsa ba ya misaltuwa. Tafin takalmin ba ya lanƙwasa, ƙarfinka duk yana sauka a feda, in ka miƙe tsaye za ka hau tudu ƙafa ba ta zamewa.

Amma kafin ka kai buɗaɗɗiyar hanyar sai ka fita daga Kano. Mako na biyu, a wata danja, ɗan sahu ya yanko gabana ya taka birki zai ɗauki fasinja. Na kama nawa birkin, keke ya tsaya cak, ƙwaƙwalwata ta ce sauke ƙafa, ƙafa ta ce a kulle nake. A hankali na tafi gefe kamar an sare dogon yaro, na zube a kwalta da keken a maƙale da ni. Wata baiwar Allah a cikin adaidaita tana ta "sannu bawan Allah, farfaɗiya ce?" Gwiwar hannu ta ɗaye, kan keke ya karkace. Laifin ba na takalmin ba ne, kowa ya ce sai ka faɗi sau ɗaya ko biyu kafin ƙafa ta koya. Na sassauta ɗan sukurin feda, na yi ta gwaji a soro ina dafe da bango, yanzu ina fita ba tunani. Matsalar da ta ƙi ƙarewa ita ce tafiya a ƙasa. Da wannan takalmin mutum tafiyar agwagwa yake yi, a kan tayil ɗin masallaci santsi, a cikin yashi kuma 'yar robar ta cika da ƙasa ta ƙi kullewa sai ka nemi tsinke. Wata biyar ta cinye. Da na sani irin na keken daji mai ƙusa biyu na saya, wanda ƙarfensa ke nutsewa cikin tafin takalmi, ana takawa da shi kamar kowane takalmi.

A kan wannan muka yi musu mai zafi wata Asabar a Wudil. Wani matashi a cikinmu, wanda har safa yake aunawa saboda ya ji UCI ta hana safar da ta wuce rabin ƙwauri, ya ce ni ne ban gane ba, kaya su ke cin tsere. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. A 1989 Greg LeMond ya shiga zangon ƙarshe na Tour de France, Laurent Fignon na gabansa da daƙiƙa 50. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa wasu sanduna da ke haɗe hannuwa a gaba, ya saka hula mai tsini a baya, Fignon kuwa ko hula babu, gashi na kaɗawa. A kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris LeMond ya cinye tazarar, ya ci gasar mako uku da daƙiƙa 8 kacal. Na ce masa, ƙanena, gaskiyarka, amma a ranar LeMond gudun da ya haura kilomita 54 a awa yake yi. Iska sai ana gudu take zama bango. Mu da muke murna in mun riƙe 25, ga tumbi a gaba, daƙiƙa nawa za mu tsira da ita, kuma wa zai ba mu ko sisi a kanta? Su dokarsu ta ce keke kada ya gaza kilo 6.8, ni ruwan da nake ɗauka a gora biyu ya wuce kilo ɗaya.

Daga nan hira ta koma kan kuɗi, kuma nan ne na gane abin da ya kamata in gane kafin in yi oda. Yawancinmu mun ɗauka kuɗin gasa ne ke sa mutanen nan arziki. Wanda ya ci Tour de France gaba ɗaya, bayan zango 21 da fiye da kilomita 3,000, Yuro 500,000 ake ba shi, kuma al'adarsu ba ya cinyewa shi kaɗai, rabawa ake yi da sauran 'yan ƙungiyar da makanikai da masu tausa. Cin zango ɗaya Yuro 11,000 ne. Paris–Roubaix, wadda ake yi a kan duwatsun da ke karya ƙashi, Yuro 30,000 ga namiji, ita kuwa Lizzie Deignan da ta ci ta mata karo na farko a 2021, Yuro 1,535 aka ba ta, har abin ya zama surutu. Gasar Tour ta mata da aka fara a 2022, mai nasara Yuro 50,000. A mayar da su naira kuɗi ne masu kauri, ban musa ba. Amma wanda ya ci gasar tanis ta Wimbledon a 2025 fam miliyan 3 ya ɗauka a mako biyu, ba ya raba wa kowa dole.

Dalilin a fili yake. Tseren titi ba a sayar da tikiti, kowa ya fito bakin hanya ya kalla kyauta, kuɗin talabijin kuma mai shirya gasa ne ke kwashe mafi yawansa. Ƙungiyoyi da kuɗin talla suke rayuwa, shi ya sa ba su da sunan gari kamar na ƙwallo. Wadda Girmay ya ci koriyar riga da ita sunanta Intermarché–Wanty, na farko kantin sayar da kayan masarufi, na biyu kamfanin gine-gine na Beljiyam. Ta Tadej Pogačar, gwanin tseren keke ɗan Sloveniya, sunan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da jirginta take ɗauke da shi. Albashi daga nan yake fitowa, keke da hula da tabarau da takalmi duk ba su ake yi, a kuma biya su don su saka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mahayin da nake kallo a waya allon talla ne mai gudu, kuma ni ne wanda ake yi wa tallan, na kuwa amsa kira.

Wannan bai rage mini son kallon ba. Da aka kawo gasar duniya Kigali a watan Satumbar 2025, karon farko a Afirka, Pogačar ya ci, na kalla har ƙarshe data ta ƙare na sake sayen wata. Abin da ya tsaya mini a rai dai shi ne Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriya da ta je Olamfik a Paris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta yi tseren cikin zaure da shi. Ga mu nan muna musu a kan tsayin safa.

Wanda ya tambaye ni yau, zan ce ya fara da sabuwar hula mai tambari, ya bi da wandon soso ko da mai sauƙin kuɗi ne, in zai samu biyu ya fi saboda wanki. Ragowar kuɗin ya sayi taya mai kyau da tif na ajiya da ɗan famfo, don ƙayar hanyar Bichi ba ta san Girmay ba. Takalmin kuwa sai wanda ke fita daga bayan gari, ko yake shirin shiga gasa da gaske. Nawa lamba 43 ne, na mayar da tsohuwar fedata tun makon jiya, matashin nan mai auna safa ya ce in ajiye masa zuwa ƙarshen wata.